Sharhi: Yawan rufe manhajoji na cinye amanar jama'a ga kamfanonin fasaha

Ranar 5 ga watan Mayun 2025 kamfanin Microsoft na Amurka ya rufe Skype, manhajar kira ta intanet da ta shafe sama da shekara 20 tana aiki. An kafa ta a 2003, Microsoft ya saye ta a 2011 kan dalar Amurka miliyar 8 da rabi, sannan a ƙarshen Fabrairun 2025 ya ba da sanarwar cewa saura wata biyu da ƴan kwanaki a kulle ta, kowa ya kwashi kayansa ya koma wata manhajar kamfanin mai suna Teams.

A nan Matankari, in ka zauna wata fada ana shayi ka tambayi samari mece ce Skype, da yawansu ba su taɓa buɗe ta ba. Amma akwai gidajen da labarin ya shafa ba tare da sun sani ba. Skype na ba mutum damar zuba kuɗi kaɗan ya kira lambar salula daga ko'ina a duniya, ko da wanda ake kiran ba shi da intanet. Ɗan Arewa da ke karatu ko aiki a Turai ko Amurka, ta irin wannan hanya yake samun tsohuwarsa a ƙauye a ƴar ƙaramar wayarta mai maɓalli. Yanzu kamfanin ya daina sayar da wannan kiredi, wanda ke da saura kawai aka bari ya ƙarasa. Tsohuwar ba ta san sunan manhajar ba. Abin da za ta lura da shi kawai, kiran ɗanta ya ragu.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu tsaya mu duba lamarin da kyau. Skype ɗaya ce cikin jerin abubuwan da kamfanonin fasaha suka kawo, jama'a suka saba da su, sannan aka wayi gari an janye. Duk wadda aka rufe, tana tafiya da wani yanki na yardar mutane, kuma wanda ya zo bayanta da sabon abu shi ke biyan bashin.

Wayar na da rai, manhajar ta ƙi

Abin da ya fi taɓa mu kai tsaye shi ne WhatsApp. Ita ba a rufe ta ba, amma lokaci zuwa lokaci sai ta sallami wasu wayoyi. A ƙarshen 2017 ta bar wayoyin BlackBerry. A ƙarshen 2018 ta bar ƙananan Nokia masu tsarin S40, waɗanda suka cika aljihun mutane a wancan lokacin. A watan Oktoban 2023 ta daina aiki a wayoyin Android da tsarinsu bai kai na 5 ba. A farkon 2025 kuma ta janye daga wayoyi masu maɓalli da ke aiki da KaiOS, waɗanda aka yi ta tallarsu a Afirka a matsayin wayar talaka mai intanet.

Ku duba yadda waya ke isowa ƙauyukanmu. Ba kowa ke sayen sabuwa a kwali ba. Wata daga kasuwannin Najeriya take fitowa bayan ta wuce hannu biyu ko uku. Wata kuwa yaya ne da ke Yamai ko Kwatano ya sayi sabuwa, ya aiko wa ƙane ko mahaifiya tsohuwar. Ke nan ranar da kamfani ya ce tsofaffin wayoyi sun fita layi, a Bagaji da Dankasari da Gesheme ake fara jin zafin. Wayar na kamawa, batirinta na riƙe caji, tana kira tana karɓa, amma abin da aka saye ta dominsa ya tsaya. Sabuwa kuma kuɗinta ya kai na buhun hatsi, wani lokaci ya ɗara.

Kuma WhatsApp a wurinmu ta wuce hira. Saƙon murya, wato vokal, shi ya buɗe ta ga wanda bai yi lakwal ba. Da shi ake sanar da suna da biki da rasuwa. Da shi manoman dankali na Dogon Dutsi ke jin farashin Yamai kafin su loda mota. Da shi ɗan ci-rani ke jin ruwan shuka ya sauka, ya kama hanyar gida. Wanda aka yanke wa wannan, an fitar da shi daga zancen gari.

Akwai kuma manhajojin da aka ce don irinmu aka ƙera su. YouTube Go na ba mutum damar sauke bidiyo ya ajiye, ya kuma tura wa na kusa da shi ba tare da ƙona mega ba. Google ya fara janye ta a watan Agustan 2022. Messenger Lite, mara nauyi, mai tafiya ko rezo ya yi rauni, kamfanin Meta ya kashe ta a Satumban 2023. Google Station, intanet na kyauta da aka buɗe a Legas a 2018, an sanar da naɗe shi a 2020. Loon, balan-balan ɗin da aka ce za su kai intanet karkara, sun fara aiki a Kenya a 2020, aka rufe shirin a Janairun 2021. Waɗannan biyun na ƙarshe ko Nijar ba su iso ba, mun dai ji alkawarin a rediyo, muka kuma ji labarin mutuwarsu. Har akwai wani shafin intanet da aikinsa ke nan, lissafa abubuwan da Google ya binne, kuma jerin ya haura 250.

Layi ɗaya, suna uku

Ba sai mun je Amurka ba, a gida ma mun ga irin wannan. Wanda ya yanki layin Celtel a farkon shekarun 2000, ya kwana ya tashi ɗan Zain a 2008, ya sake tashi ɗan Airtel a 2010. Har gobe akwai dattawan da ke ce wa layinsu Seltel. Telecel ta zama Moov, a farkon 2021 ta zama Moov Africa. Sonitel da SahelCom, na gwamnati, an haɗe su a 2016 aka samu Niger Telecom.

Na Orange ya fi tsayawa a zukata. Kamfanin na Faransa ya fara aiki a Nijar a 2008. A ƙarshen Nuwamban 2018 hukumar haraji ta rufe ofisoshinsa a Yamai kan taƙaddamar kuɗin da suka kai sefa miliyar 22. Shekara guda bayan haka, a Nuwamban 2019, Orange ya sayar da hannun jarinsa ga Zamani Com, ya bar ƙasar. Daga baya sunan ya koma Zamani Telecom, sunan Orange Money ma ya bi masu shi.

A yi adalci: a duk waɗannan sauye-sauye lambobin mutane ba su canza ba, eriyoyi na nan a tsaye, kira bai yanke ba. Ta fuskar kasuwanci, sayar da kamfani ba baƙon abu ba ne. Amma ku tsaya a matsayin mai saye. Duk sauyi na zuwa da sabon fenti a shago, sabbin lambobin dannawa, sabon tsarin forfe, wani garaɓasar da aka saba da ita ta ɓace. Mutumin da ya haddace taurari da lambobin da zai danna ya ga sauran kuɗinsa, ba don yana iya karanta abin da ke fitowa ba, sai ya koma neman yaron da zai duba masa. Wanda ke da kuɗi a cikin waya kuwa, tambayarsa ɗaya ce: to, kuɗina fa?

Ga kuma yankewar da ba daga kamfani take ba. Bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairun 2021, intanet ɗin salula ya ɗauke a Nijar na kusan kwana 10. Mai shagon da cinikinsa ya tsaya a waɗannan kwanaki bai zauna tantance laifin wane ne ba. Darasin da ya ɗauka shi ne, abin da ke cikin waya ana iya kashe shi daga nesa, ba a tambaye ka ba.

Me ke sa su rufewa?

Ba mu ce mugunta ba ce. Akwai dalilai, kuma ya kamata mu san su.

Na farko kuɗi. Yawancin manhajojin da muke cewa na kyauta, da talla suke ci. Kamfani na duba nawa kowane mutum ke kawo masa. Alƙaluman da Meta ya fitar na wata ukun ƙarshen 2023 sun nuna mai amfani da Facebook a Amurka da Kanada na kawo masa kimanin dala 68, yayin da na rukunin da suka jefa Afirka a ciki ke kawo kimanin dala 4 da rabi. Wannan ma matsakaici ne da ya haɗa da ƙasashen Larabawa da Latin Amurka masu kuɗi fiye da mu. Ranar da aka zo rage kashe kuɗi, kun san ɓangaren da za a fara yankewa.

Na biyu tsaro. Tsohon tsarin waya, in masu shi suka daina gyara shi, ɓarayin intanet na samun ƙofa. Kamfani kan ce ba zai iya ba da tabbacin sirrin saƙo a irin wannan waya ba. Wannan hujja ce ta gaskiya, ba mu raina ta ba.

Na uku gasa. Skype ta yi sarauta, sai WhatsApp da Zoom suka janye mata mutane, kamfanin kuma ga shi da Teams da ke irin aikinta. Ba wanda zai ci gaba da ciyar da doki biyu alhali keke ɗaya yake ja.

Na huɗu, al'adar kamfanonin kanta. Sukan saki abu don gwaji, in ya karɓu a ci gaba, in bai kawo abin da ake so ba a kashe. A wurinsu gwaji ne. Amma ba a faɗa wa mai amfani cewa gwaji ake yi da shi. Ana ce masa ne ya zo ya zuba hotunansa, lambobinsa, lissafinsa. A cikin doguwar yarjejeniyar nan da kowa ke danna wa amincewa ba tare da ya karanta ba, galibi an rubuta cewa kamfani na da ikon canza ko dakatar da aikin. Da Turanci ko Faransanci aka rubuta, da ƙananan baƙaƙe.

Mu kanmu a wannan gida mun ɗanɗana. Akwai wani shafi da muka daɗe muna ɗora shirye-shiryenmu a kai don ƴan uwa da ke waje su saurara. Wata rana aka canza ƙa'ida, sanarwar ta faɗa wani akwatin imel da ba a cika buɗewa ba. Kafin mu farga wasu hirarraki sun tafi, cikinsu har da na dattawan da suka ba mu tarihin garuruwansu, waɗanda wasunsu sun riga mu gidan gaskiya. Laifinmu na ciki, don ba mu ajiye kwafi na biyu ba. Amma tun daga ranar, duk wanda ya zo mana da sabon shafi, tambayarmu ta farko ita ce yadda ake fitar da kaya in an tashi.

Inda amanar ta koma

A ƙasar Arewa, amana da fuska take tafiya. Dillali a kasuwar dabbobi, an san ubansa. Mai shagon da ke ba ka bashi har kaka, tare kuke salla. Direban da ke ɗauko saƙon kuɗi daga Legas, in ya yi wasa da shi an san ƙofar gidansu, ana iya kai shi gaban maigari, in ta ƙi a wuce fada. Ba don mutanen nan ba sa kuskure ake yarda da su ba. Ana yarda da su ne don gobe ma suna nan, kuma akwai inda za a kama su.

Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da aka fara a jahar Maraɗi a 1991 kuma suka bazu har yankinmu, misali ne mai kyau. Akwati na gaban kowa, makullai na hannun mata daban-daban, ana ƙirga kuɗi a bainar jama'a, kuma tun ranar farko an san lokacin da za a raba. Fiye da shekara 30 ke nan tsarin na tafiya, ya girmi Skype, ya kuma ga bayanta.

Kamfanin da ke Kaliforniya ba shi da ƙofar gida a Dogon Dutsi. Abin da kawai zai iya jingina da shi don a yarda da shi, shi ne daɗewa: jiya yana nan, yau yana nan. Duk ranar da ya rufe wani abu, wannan jinginar ce yake ci.

Shi ya sa in kun lura, mutanenmu na amfani da fasahar amma ba sa kwana a cikinta. Ana turo kuɗi ta waya, kafin awa guda an je an cire su an ƙulle a lalita. Mutum ɗaya na yawo da layi biyu ko uku. Wa'azi da waƙoƙi da finafinai a katin memori suke, ana tura su daga waya zuwa waya ta Xender ko Bluetooth. Ɗan kasuwa na da WhatsApp amma bashin da yake bi a littafi yake. A wasu ɗakuna za ka ga lambobin waya rubuce da gawayi a bango. Kamfanonin aika kuɗi na gida irin su Nita, Al Izza da Amana, wani ɓangare na karɓuwarsu daga nan yake: akwai ofis, akwai ma'aikaci a zaune, akwai takardar da za ka riƙe a hannu. Ko wakilin kamfanin salula da ke cire wa mutane kuɗi a bakin kasuwa, in ka bincika, shi aka yarda da shi kafin a yarda da tambarin da ke saman rumfarsa.

Wasu masu zuwa daga birni kan kira wannan jahilci ko tsoron zamani. Mu ba mu gan shi haka ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle. Lissafi ne mutane suka yi da abin da idonsu ya gani.

Asarar da rashin yarda ke jawowa

Sai dai wannan taka-tsantsan ba kyauta ba ne, kuma mu ke biya. Duk cirewa da kuɗinta. Wanda ke cire jika biyar yau, jika goma gobe, in ya tara abin da ya bari a hannun wakili cikin shekara zai yi mamaki. Ɗaukar tsabar kuɗi a jiki daga kasuwa zuwa kasuwa ma haɗari ne, balle yanzu da tsaron hanya ya zama abin damuwa a arewacin gundumarmu. Littafin bashi kuwa gara na ci, ruwa na jiƙawa.

Abu na biyu ya fi muni. Yawan rufewa na gaskiya ya share wa ƴan damfara hanya. Saƙo kan shigo ana cewa za a rufe maka WhatsApp ko asusun kuɗinka yau, sai ka turo lambobi shida da aka aiko maka. Me ya sa ake faɗawa tarkon? Don mutum ya taɓa ganin an rufe wa maƙwabcinsa da gaske. Wanda wayarsa ta tsufa kuma yakan je wurin masu caji a saka masa jabun WhatsApp, irin su GBWhatsApp, waɗanda ba wanda ya san inda suke kai saƙonni, kuma kamfanin na asali na iya toshe lambar mai amfani da su.

Haka nan a idon wanda ya yi asara, kamfanin kirki da ya naɗe tabarmarsa da ɓarawon da ya gudu da kuɗi sukan zama abu ɗaya. A maƙwabciyarmu Najeriya, MMM ta daskarar da kuɗin mutane a Disamban 2016, CBEX ta ruguje a Afrilun 2025. Waɗannan damfara ce tsagwaronta, ba su da haɗi da kamfanin salula mai lasisi. Amma labarin da ke tsallako iyaka ta Bachaka guda ne: an zuba kuɗi a waya, an wayi gari babu.

Wanda ke shan wahalar ƙarshe shi ne mai abin kirki. Gobe wani matashi ɗan Dosso ko Yamai zai ƙera manhajar farashin hatsi ko ta hasashen ruwan sama da Hausa. Wata ma'aikata za ta so biyan tallafi ta waya don a rage hannayen da kuɗin ke bi. Za su tarar da mutane sun naɗe hannu suna tambaya: wannan kuma kwana nawa za ta yi?

Tafiya da sallama

Ba wanda ya ce kamfani ya zauna har abada. Shago ma ana rufewa. Amma akwai bambanci tsakanin wanda ya tara masu bin sa bashi ya sallame su ya yi bankwana, da wanda aka wayi gari aka ga kwaɗo a ƙofarsa. Da Google ya rufe dandalin wasanninsa na Stadia a Janairun 2023, ya mayar wa mutane kuɗin na'urori da wasannin da suka saya a wurinsa. Microsoft ya ba masu Skype lokaci da hanyar kwashe hirarrakinsu. Ke nan sun san yadda ake yi. Matsalar ita ce sallamar ba ta isowa nan. A imel take, a shafin kamfani take, cikin harshen da mafi yawanmu ba sa karantawa.

A kan kuɗi, akwai kariyar da da yawa ba su sani ba. Ƙa'idar da babban bankin BCEAO ya fitar a 2015 ta wajabta wa duk mai fitar da kuɗin waya ya ajiye kwatankwacinsu a banki, a ware daga dukiyar kamfanin, kuma mai asusu na da haƙƙin a ba shi tsabar kuɗinsa. Wannan ya shafi masu lasisi ne kaɗai. Da an yi wa jama'a wannan bayani da Hausa tun farko, da fargaba ta ragu, da kuma an fi gane bambancin mai lasisi da ɗan damfara.

Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. To, a fara daga nan. Muna kira ga hukumar ARCEP da ta wajabta wa kamfanonin da ke ƙarƙashinta sanar da duk wani rufewa ko babban sauyi da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, ta saƙon murya da ta rediyo, a kuma ba da wa'adin da zai ishi wanda ke daji da dabbobi ko ke ci-rani ya ji. Wani zai ce rediyo na nema wa kanta talla ne. Ko ta bakin sanƙira a kasuwa aka yi, mun yarda, in dai saƙon zai isa. Hukumar HAPDP mai kare bayanan jama'a ita ma na da aiki: in kamfani ya tafi, ina hotunan katin ɗan ƙasa da lambobin da ya tara suke komawa?

Manyan kamfanonin waje kuwa, gaskiya Nijar ita kaɗai ba ta da nauyin da za ta tanƙwara su. Amma a Nuwamban 2024 hukumomin sadarwa na Nijar, Mali da Burkina Faso sun sa hannu kan yarjejeniyar sauke kuɗin yawo da layi a tsakaninsu. In an iya haɗa kai a kan wannan, ana iya haɗa kai a nemi sanarwa cikin harsunanmu da ƙarin wa'adi ga tsofaffin wayoyi.

Abin da ke hannunmu a wannan damina

Kafin hukumomi su motsa, akwai abin da kowa zai iya yi. Ƴan ci-rani sun dawo noma, layukansu na Najeriya ko Kodebuwa na kwance a aljihun jaka. Ku sani, WhatsApp kan goge asusun da ya yi kimanin kwana 120 bai hau intanet ba, kusan tsawon daminarmu ke nan. Kamfanonin salula ma kan karɓe layin da ya daɗe ba a taɓa shi ba su sayar wa wani. In asusunku na kan irin wannan layi, ku riƙa kunna shi jefi-jefi, ko ku mayar da shi kan lambar da kuke amfani da ita kullum. Google kuma tun Disamban 2023 ya fara goge asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba, tare da hotuna da lambobin da ke ciki.

Lambobi masu muhimmanci, a rubuta su a takarda. Hoton takardar gona, na haihuwa, muryar wani dattijo, a ajiye su wuri biyu, ɗaya a hannunku. Mai sayen waya ta hannu, ya sa a duba masa lambar tsarin Android ɗinta kafin ya biya, in ta yi ƙasa sosai ya san kwananta a WhatsApp ƙirgagge ne. Lambobi shida da ke shigowa ta saƙo, ba a ba kowa, ko da ya ce daga kamfani yake. Kafin ku zuba kuɗi a wata sabuwar manhaja, ku tambayi ina ofishinta kuma wa ya ba ta lasisi.

Akwai kuma batun kwamfutoci. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina gyaran tsaro na kyauta da ya saba yi wa Windows 10. Kwamfutocin ba su mutu ba, amma waɗanda ba sa samun gyaran sun zama gida mara ƙyaure. Ofishin magajin gari, makarantu, gidajen likita da masu shagon buga takardu, daga Sukukutan har Kore Mairuwa, ya kamata tun yanzu su duba na'urorinsu, su kwafe rajistar haihuwa da sauran takardun jama'a a wani wuri na dabam.

In wani abu irin wannan ya taɓa faruwa da ku, waya ta ƙi manhaja, layi ya koma hannun wani, ko kuɗi sun maƙale, ku kira mu ko ku aiko da vokal ku ba mu labari. Za mu tattara abin da kuka faɗa, ba tare da ambaton sunayenku ba, mu miƙa tambayoyinku ga wakilan kamfanonin da hukumomin da abin ya shafa, mu kuma kawo muku amsar da suka bayar.